Taswirar da ke sabuntuwa kowane minti

Duk mako OpenStreetMap, taswirar kyauta ta intanet, na fitar da fayil guda mai ɗauke da taswirar duniya kacokan, kuma ko an matse shi ya haura gigabait 70. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san nauyin wannan adadi. Da a ce duk mai son sabuwar taswira sai ya sake sauke wannan jibgegen kaya, da kyautar ta tsaya ga masu hannu da shuni.

Steve Coast ne ya fara aikin a Ingila a 2004, amma abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne yadda ake raba gyara. Babban rumbun bayanan, wanda ke kan manhajar PostgreSQL, yana fitar da ɗan ƙaramin fayil kowane minti: an ƙara titi a nan, an gyara sunan makaranta a can, an goge gadar da ruwa ya ci. Kowane fayil da lambarsa, bi da bi. Kwamfutarka na riƙe da lambar ƙarshe da ta karɓa. In wuta ta ɗauke kwana uku, da ta dawo sai kwamfutar ta ɗora daga inda ta tsaya, kamar mai shagon da ke rubuta cinikin yau a ƙarƙashin na jiya ba tare da ya sake kwafe littafin ba.

An ga amfanin saurin gyara a Haiti, bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, lokacin da masu sa kai suka zana titunan Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, masu ceto na aiki da abin da aka zana. Ga wanda ba ya buƙatar taswirar duniya kacokan kuwa, yau kamfanin Geofabrik na Jamus yana yanko kason ƙasashe kullum, har da Najeriya da Nijar.

A nan nake kira ga hukumominmu. Bayanan rijiyoyin burtsatse, asibitoci da hanyoyin karkara da aka tattara da kuɗin jama'a bai kamata su ƙare a rahoton da ake bugawa sau ɗaya a jefa a durowa ba. A sake su, a riƙa fitar da gyara da lamba, yadda ma'aikaciyar rigakafi za ta ga sabuwar ruga a wayarta kafin ta hau babur.