Makarantun unguwa: ina kason yara masu buƙata ta musamman?

Duk shekara idan aka koma lakwal a watan Oktoba, maganar da ke bakin iyaye a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba ta wuce ƙarancin azuzuwa da tebura da malamai. Amma akwai waɗanda ba a cika ambata ba: yara makafi, kurame, guragu da masu jinkirin fahimta.

A takarda, Nijar ba ta rasa dokoki ba. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba kowane ɗan ƙasa 'yancin karatu. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, a 2019 kuma aka kafa dokar shigar da su cikin al'amuran jama'a. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan ƙasa suna da wata naƙasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kuɗi. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin makarantun firamare, wato gini da gyara da kayan aiki, sai dai kuɗin ba su bi nauyin yadda ya kamata ba. Komin da ta dogara da harajin kasuwa da tasha, idan ta zo raba ɗan abin da ke hannu, da rumfar zana da alli take farawa. Gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021, wadda kowacce ta ci yara aƙalla 20, ta ƙara karkata hankali ga gini. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wasu masu ba da tallafi sun janye hannu, a Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, sai iyaye suka rasa kansilan da suka saba kai wa kuka.

Karatun waɗannan yara ya fi tsada. Makaho na buƙatar allo da takardar rubutun makafi, kurma na buƙatar malamin da ya iya maganar hannu, gurgu kuma keke da ƙofa da makewayin da zai iya shiga. Makarantu na musamman, irin su Soly Abdourahamane ta makafi da Hassane Bana Bâ ta kurame a Yamai, a manyan birane suke. Yaron ƙauye ko ya shiga makarantar da ke kusa da gida, ko ya zauna, ko ya ƙare a bara. Ƙungiyoyi kamar Humanité & Inclusion sun horar da malamai, amma aikin ƙungiya yana da wa'adi.

Gyaran ba duka ne ke cin miliyoyi ba. Tunda ana maye gurbin rumfuna da azuzuwan siminti, sanya gangaren keke da faɗaɗa ƙofa tun wajen aza tubali ya fi sauƙi da fasa gini daga baya. Kwamitocin kula da makarantu, wato COGES, za su iya ƙidaya yaran unguwa da unguwa. Daga nan sai kasafin kuɗin komin ya ware musu kaso da sunansu, a liƙa shi a ma'aikatar magajin gari inda kowa zai gani. Muddin kuɗin a dunƙule suke zuwa, yaron da ba ya gani ko ba ya ji shi ne na ƙarshe a rabo.