Littafi Shi Ne Mai Gadin Jari

Mutanen Zagga da sauran ƙasar Bagudo da kuɗi iri biyu suke ciniki, watau naira da kuma sefa ta maƙwabtansu na Benin. Ita sefa a ɗaure take da kuɗin yuro tun 1999, amma naira ta faɗi ƙwarai bayan da Babban Banki ya sakar wa kasuwa farashinta cikin watan Yuni 2023. Saboda haka falke yakan saro kaya da sefa, ya sayar a naira, ya ga kuɗi sun cika aljihu, ya ce riba ce. Sai ran da ya koma sari ya tarar jarinsa ya zaizaye.

Maganin wannan littafi ne. A rubuta kuɗin sari, da na mota, da na kwastan, da canjin ranar, kana a riƙa gwada mako da mako. A zamanin En'e ma, da ƙirga ake yanka haraji da jangali.

To, malaman ofis da na makaranta, aikin naku ne. Ku koya wa yara lissafi da farashin shinkafa da albasa, ku nuna wa iyayensu ajiye littafi. Allah ya sa a ji.