Ƙarin ma'ajiyar ƙwai: tsakanin jinkiri da gaggawar tiyata

A watan Disamban 1809 ne wani likita mai suna Ephraim McDowell ya cire wa wata mata ƙari mai nauyin kusan kilo 10 daga ma'ajiyar ƙwan haihuwarta, a garin Danville na jihar Kentucky ta Amurka. Babu maganin sa barci a zamanin. Matar, Jane Todd Crawford, da farko an ɗauka juna biyu gare ta. Ta rayu fiye da shekaru 30 bayan aikin.

An shafe fiye da ƙarni biyu, amma wannan kuskure bai gushe ba. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, mace kan ga cikinta yana girma, wata tara ya wuce babu naƙuda, sai a ce ciki ne ya kwanta, ko kuma a ɗora wa sammu.

Alhali kuwa akasarin ƙarin da ke fitowa a ma'ajiyar ƙwai ga matan da ke shekarun haihuwa ba sankara ba ne. Wani ƙullin ruwa ne da ke tasowa tare da al'ada, ya baje da kansa cikin wata biyu zuwa uku. Wani kuma akan sami gashi da kitse, har ma da haƙori a cikinsa. Akwai mai tara ruwa mai yauƙi, wanda kan cika ciki baki ɗaya.

Rashin zama sankara ba ya nufin babu haɗari. Nauyin ƙarin kan sa ma'ajiyar ƙwan ta murɗe, jini ya daina isa gare ta, mace ta kamu da matsanancin ciwon mara da amai. Idan ba a yi tiyata cikin gaggawa ba, ma'ajiyar kan mutu.

Hoton ciki ne hanya ta farko ta gano cutar, sai dai a nan ma akwai wata matsalar. Wuraren ɗaukar hoto sun yawaita a birane, amma ba duk mai riƙe da na'ura ne ya iya bambance ƙullin da zai baje da wanda ke buƙatar wuƙa ba. Gwajin jini na CA-125 ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai, domin yakan hau saboda juna biyu ko ƙarin mahaifa ko tarin fukan da ya kama ciki. Ke nan kamar yadda ake makara da wata, haka ake iya gaggauta yanka wadda sake hoto kawai take buƙata bayan 'yan makonni.

Abin da ya fi tsorata iyalai shi ne rasa haihuwa. Amma ga mace mai ƙuruciya, likitoci kan ɓare ƙarin su bar ma'ajiyar, ko dai ta hanyar buɗe ciki ko ta ƙananan huji da na'ura mai kyamara. Ko da an cire guda, ɗayar kan wadatar wajen samun ciki. Girman ƙarin, wanda jinkiri ke jawowa, na daga abubuwan da ke rage wannan zaɓi.

Saura batun kuɗi. A shekarar 2022 Najeriya ta kafa dokar da ta wajabta inshorar lafiya, amma har yanzu akasarin abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, kuma a gidaje da dama sai mai gida ya amince, ya kuma haɗa kuɗin, kafin a shiga da mace ɗakin tiyata.