Burtali a cikin ƙwayar ma'adini

Wutar lantarkin da ke zuwa Birnin Kebbi daga madatsar ruwa ta Kainji ba ta isowa yadda ta taso. Kowace waya tana yi wa lantarki turjiya, ta mayar da wani kaso nasa zafi, ya bi iska. Mai injin casar shinkafa a Argungu yana cikin masu biyan kuɗin wannan asara, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa nake ganin batun da na ɗauko a wannan mako namu ne, duk da cewa a ƙasashen sanyi aka haife shi.

A 1911, masanin kimiyya Kamerlingh Onnes na birnin Leiden a ƙasar Holan ya sanyaya zaiba har digiri 269 ƙasa da sifili, sai turjiyarta ta ɓace ƙurmus. Lantarki ya riƙa gudana ba tare da asarar komai ba. Daga baya aka gano sirrin: a irin wannan sanyi, ƙwayoyin ilektoron masu ɗauke da lantarki sukan haɗu biyu-biyu, kowace tana fuskantar kishiyar alƙiblar 'yar'uwarta. Shi kuwa maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, burinsa kowa ya fuskanci wuri guda, don haka yakan raba su. Ba sa ga maciji da juna.

An fi ganin wannan gaba a wani rukuni na ƙarafa 17 masu wuyar tacewa, irin su lantanom, gadoliniyom da arbiyom, waɗanda da yawansu ke da maganaɗisu a cikin ƙwayar zarrarsu. A 1958, Bernd Matthias da abokan aikinsa a Amurka sun zuba kashi 1 cikin 100 na gadoliniyom a lantanom, sai baiwar ta kusa mutuwa. A 1977 aka samu wani haɗi na arbiyom da ke samun baiwar a wajen digiri 264 ƙasa da sifili, amma idan sanyi ya kai 272, maganaɗisunsa ya farka ya kore ta.

Sai 1987 ta zo da mamaki. Paul Chu da Maw-Kuen Wu suka haɗa itiriyom, bariyom, jan ƙarfe da oksijin, baiwar ta bayyana a digiri 180 ƙasa da sifili. Da aka maye gurbin itiriyom da gadoliniyom mai maganaɗisu, ba ta gushe ba. Dalili shi ne tsarin ƙwayoyin: lantarki na bin shimfiɗar jan ƙarfe da oksijin, maganaɗisu na zaune a tasa shimfiɗar. Mutumin fadamar Rima ba ya bukatar dogon bayani a nan. Inda aka shata burtali, shanu sukan wuce, shinkafa ta tsira.

Ina rabonmu a ciki? Yashin monazait da ke cikin ragowar haƙar kuza a Jos yana ɗauke da ƙarafan wannan rukuni. Ɗanye yake barin ƙasar, Sin ce ke tace mafi yawan na duniya, mu kuma mu saye su a cikin wayar salula da na'urorin asibiti da tsada.

Ba na cewa gobe za a ja irin wannan waya daga Kainji. Amma haɗin 1987 ruwan naitirojin kawai yake bukata, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma ba ya da tsadar ruwan hiliyom. Ina kira ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, su tanadi waɗannan kaya. Ɗalibin da ya ga maganaɗisu na shawagi a iska bisa ɗan faifan da ya sanyaya da hannunsa ya wuce haddar allo. Gani ya kori ji. A cikin irin waɗannan ɗalibai ne za a samu wanda zai tace yashinmu a gida.