Mujallun Jarumai da Muke Ƙunshe Tsire da Su

A watan Afrilun 2024 aka yi gwanjon wata tsohuwar mujallar zane a Amurka kan dala miliyan 6. Ita ce fitowa ta farko ta Action Comics, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938, lokacin da kuɗinta bai wuce santi 10 ba. Tsufa kaɗai bai kai ta nan ba. An buga ta da yawa, yara suka karanta suka yar, aka wayi gari 'yan kaɗan suka rage. Sannan masu wannan harka suna da ma'auni wanda ƙololuwarsa maki 10 ne: yagewar bango, tsatsar ƙusar ɗinki, ko lanƙwasar kusurwa ɗaya, kowanne yana zabge farashi.

Labarin ya tuna mini da adakar wani kawuna, tsohon malamin firamare a Isa. A cikinta na fara ganin African Film, mujallar hotuna ta Lance Spearman wadda samarin ƙarshen shekarun 1960 suka yi rububinta, da kuma Powerman, jarumi baƙar fata da aka ƙirƙira musamman domin masu karatu a Nijeriya tsakanin 1975 da 1977. Turawan Ingila biyu ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna a duniya. Har lamba aka riƙa sa wa kowane zane don kada mai karatu ya ruɗe, abin da ke ba ni dariya, domin mu yara ba mu taɓa ɓata hanya ba.

Da rashin tsaro ya tsananta, iyalan kawu suka tsallaka Gidan Runji ta jihar Maraɗi da abin da kai zai iya ɗauka. Wa zai tsaya ɗaukar takarda? Da aka dawo, ruwa ya sha rufin ɗakin, gara ta yi nata aikin, abin da ya tsira kuma wani yaro ya sayar wa mai tsire.

Ba na son in yaudari kowa: babu attajirin da ke jiran Powerman ɗinka da miliyoyi, kuma har yanzu ba mu da kasuwar irin waɗannan kaya. Amma dokar da ta ɗaga Superman tana aiki a nan ma, kuma a ƙasar Gobir hijira da gara suna rage abin da ya saura da sauri fiye da ko'ina. Waɗannan mujallu shaida ce ta abin da ɗan makaranta a Sabon Birni yake karantawa a ɓoye ƙarƙashin benci, abin da babu kundin gwamnatin da ya rubuta.

Wanda duk yake da ko da guda ɗaya, kada ya liƙe ta da salatif, kada kuma ya kai ta shagon kwamfuta a manne ta da leda. Duka biyun suna kashe darajarta. A shimfiɗe ta a busasshen wuri nesa da ƙasa, a ɗauki hoton kowane shafi da waya. Idan riƙon ya gagara, akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna. A je a tambaye su ko za su karɓa.