Mai Hoto da Kalanda Biyu: Me Ya Sa Karya Farashi Ba Ya Maganin Rashin Ciniki

Sana'ar ɗaukar hoto a Kano, Kaduna ko Zariya tana da damina da rani irin nata. Sha'aban watan rububi ne, domin iyaye na gaggawar aurar da 'ya'yansu kafin Azumi, makarantun Islamiyya kuma na shirya walimar saukar karatu. Da zarar an ga watan Ramadan sai bukukuwa su tsaya cak. Janairu ma watan ƙunci ne: an kashe kuɗi a bukukuwan Disamba, ga kuɗin makarantar yara ya taso. Abin da masu hoto da yawa ke yi a irin wannan lokaci shi ne su sanar da rangwame a WhatsApp da Instagram, su zauna jiran kira. Wannan dabara ta fi cutarwa fiye da amfani.

Dalili na farko lissafi ne. Kyamara da gilasanta da fitilu duk daga waje ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. An kuma cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, alhali shagon hoto ba ya rabuwa da janareta. Wanda ya zabtare rabin farashinsa a wannan hali yana cin jarinsa ne, ranar da kyamara ta lalace ba shi da abin maye gurbinta. Dalili na biyu ya fi wannan sauƙin ganewa: rangwame ba ya haifar da biki. Babu uban da zai ɗaura auren 'yarsa a tsakiyar Azumi don mai hoto ya sauƙaƙa. Abin da zai biyo baya kawai shi ne, bayan Sallah masu biki su tuna tsohon farashin, su dage a kansa.

Lokacin rashin cinikin nan kuwa ba ya zuwa ba zato. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa Azumi ke matsowa gaba kowace shekara: a farkon Maris ya kama a 2025, a Fabrairu a 2026, kuma a 2030 zai faɗo sau biyu, a Janairu da ƙarshen Disamba. Ma'ana, ƙuncin sabuwar shekara da shirun Azumi suna dab da haɗewa wuri guda, rububin Sha'aban kuma zai koma cikin Disamba. Mai hoton da ke tsara shekararsa da kalandar Boko kaɗai zai riƙa shan mamakin abin da yake rubuce tun tuni.

Abin da ya kamata ya canja shi ne wanda ake yi wa talla. Watan da amare suka ɗauke ƙafa shi ne watan da 'yan Kantin Kwari, teloli, masu turaren wuta da masu ɗinkin hula suka fi kowa ciniki, saboda kayan Sallah. Da yawansu a waya suke tallata hajarsu, da hotunan da aka ɗauka cikin duhun shago, inda shadda mai ruwan toka ke fitowa kamar shuɗiya. Launin da ya saɓa yana jawo rigima da mayar da kaya. Mai hoton da ya je wurin ɗan kasuwa tun a Rajab, ya nuna masa atamfa guda a hoto biyu, na waya da na fitila, ya yi tallar da babu rangwamen da zai kai ta. Haka aikin kalandar sabuwar shekara na makarantu da ƙungiyoyi: a Oktoba da Nuwamba ake nemansa, domin kafin Janairu an gama bugawa. Tun ran gini ran zane.

Akwai kuma dukiyar da ke kwance a kwamfutar kowane mai hoto: bukukuwan da ya ɗauka a baya. Ma'aurata da yawa sun karɓi hotunansu a waya, wayar ta ɓace ko ta lalace. Saƙo ɗaya mai ladabi, da tayin albam ko babban hoto a firem, ciniki ne da ba ya bukatar fita da kyamara. Sai dai a nan akwai iyaka. Saka hoton amarya a Instagram don talla ba da izininta da na gidanta ba yana iya rushe amanar shekaru, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba batun neman izini muhimmanci. A garin da mata ke miƙa wa juna lambar mai hoto a gidan biki, riƙon amana shi ne babbar talla.

Masu ganin rangwame ya zama dole suna da hujja: mai shago ba ya jiran bayan Sallah kafin ya karɓi kuɗin haya, kuma wayar hannu ta riga ta ƙwace ƙananan ayyuka. Amma akwai bambanci tsakanin rage farashi da rage aiki. A ba mai ƙaramin ƙarfi zaman minti 20 da hotuna biyar a kuɗin da zai iya, cikakken aikin biki ya tsaya a farashinsa. Masu auren bayan Sallah kuma a yi musu tayin riƙe musu rana da kuɗin kafin alƙalami, a ƙara musu firem kyauta maimakon ragi. Kuɗi ya shigo a watan da babu biki, darajar aikin ba ta taɓu ba.

Ko ranakun da ake ganin tabbas ne suna iya kuɓucewa: a 2025 an dakatar da hawan Sallah a Kano, wanda ya dogara da shi ya tashi hannu rabbana. Don haka aikin farko na sabuwar shekara shi ne mai hoto ya ajiye kalandar Hijira kusa da ta Miladiyya, ya yi alama a makonnin da babu biki, ya rubuta a gaban kowanne sunan wanda zai je ya samu wata biyu kafin lokacin.