"Charity" Ba Daga "Khairat" Ta Fito Ba

A wata lacca da na halarta, wani malami ya ce kalmar Turanci "charity" Larabci ce, wai "khairat" ce Turawa suka kwaso lokacin yaƙe-yaƙen 'yan Salibi suka lanƙwasa ta. Zaure ya ɗauki kabbara. Ni kuwa raina ya ɓaci, don ana neman yi wa Larabci ado da kayan aro.

Na farko, hujjarsa kaf ita ce kalmomin sun yi kama a kunne. Haba malam! Kama da wane ba ta wane. In haka ne, ai kifi da kofi ma uwarsu ɗaya. Salsalar wannan kalma a rubuce take. Ingilishi ya karɓe ta daga Faransanci, "charité", shi kuma ya gada daga Latin, "caritas", wadda ta fito daga "carus", wato abu mai tsada ko wanda ake ƙauna. Marubucin Romawa Sisero, da ya mutu shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi amfani da "caritas" a rubuce-rubucensa. Wane ɗan Salibi ne ya kai masa? Sautin "ca" ɗin da ya ruɗi malam ma aikin bakin Faransawa ne: "cantare" ta koma "chanter", "campus" ta koma "champ". Wutsiyar "ty" kuwa ita ce dai ta "liberty", daga "libertas". To me ya rage wa "khairat"?

Na biyu, lissafin shekarun bai yi ba. Jerom ya kammala fassara Baibul zuwa Latin wajen shekarar 405, ya sa "caritas" a gurbin kalmar Girkanci "agape", wato ƙauna. Yaƙin Salibi na farko sai 1096.

Na uku, ya ce tun asali ma'anarta sadaka. A'a, ƙauna ce ta riga. Da Tindal ya zaɓi "love" maimakon "charity" a fassararsa ta Sabon Alkawari zuwa Ingilishi a 1526, Tomas Mo ya caccake shi a kan haka. Tsohuwar kalmar Ingilishi ta sadaka "alms" ce, daga kalmar Girkanci mai nufin tausayi.

Na huɗu, Ingilishi ya ari Larabci, gaskiya ne: "algebra", "cotton". Wannan dai ba ta ciki.

Mai neman jikar "khair" ya duba bakinsa. Mu ne muka aro ta, muke cewa alheri.